Na Ba Mato Ɗakinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Matameye muna lafiya. An gama cirar gyaɗa, gero ya shiga rumbu, rake ya fara fitowa daga fadama.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta wannan ne don in karanta ta da ƙarfi ran kasuwa, a rumfar tela inda na saba karanta labaraina, tunda maganar gidanmu ta riga ta zama abin taɗi a bakin rijiya. Da ke nake magana. Wanda ya kasa kunne ya ji, ruwansa.

Inna, na ba wani mutum ɗakinki. Sunansa Mato, mutumin Icirnawa ne, tare muka yi soja, kuma mutane suna ce masa mahaukaci. A kan tabarmarki yake kwana, da ƙwaryarki yake shan ruwa. Saboda shi, da kuma wani labari da na rubuta, yau akwai katanga a tsakiyar gidan da kika bari. Gara ki ji daga bakina yadda abin ya faru.

Kin tuna shekarar da dogarai suka zo suka ce Nasara na son mutum ɗaya daga gidanmu. Ɗanki na fari, wanda har kika bar duniya ba ki taɓa kama sunansa ba, yana da amarya da ƙaramin ciki. Ni zan kama sunan: Yaya Lawali. Na ce ya zauna, ni na tafi. Kika ƙulle mini ƙuli-ƙuli a tsumma, kika raka ni har zaure, ba ki yi kuka ba. Abin da kika ce kawai shi ne, "Duk inda ka je, kada ka ci abinci kai kaɗai."

Daga Damagaram aka kai mu bakin teku, daga bakin teku aka zuba mu a jirgin ruwa, har wata ƙasa da ake kira Indoshin, inda ƙasa ba ta bushewa, kuma mutanenta ba su taɓa yi mana komai ba. A can na ji rasuwarki. Wani ɗan Kance da aka kawo cikin sababbin sojoji ya gaishe ni, ya ƙara da yi mini ta'aziyya, yana zaton na sani. Na amsa masa da "amin" kamar yadda ake yi. Sai da ya wuce na lura ina riƙe da kwanon abincina a kife.

Mato yana cikin rukuninmu. Mutane a nan suna cewa wai ya taɓa ceton raina a yaƙi, shi ya sa na ɗauko shi. Ƙarya ce. Bai taɓa cetona ba, hasali ma ya taɓa cinye mini goron da na yi ta ɓoyo kamar zinariya, ya kuma rantse ɓera ne. Mutum ne mai barkwanci. Yakan kwaikwayi tafiyar kyaftin ɗinmu har sai mun riƙe ciki. In ya ga gonar shinkafa sai ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya ce da za a ba shi ita a Icirnawa, da ya auri mata huɗu a shekara guda.

Wata rana da hantsi aka kai mu wani ƙauye da aka ce yana ciyar da abokan gaba. Aka ba da umarni a ƙone rumbunan shinkafarsu. Ni aka tsayar da ni a bakin hanya da bindiga, Mato aka miƙa wa wuta. Inna, ke kin san mene ne rumbu a wurin ɗan manomi. Ya yi abin da aka ce ya yi. Wata tsohuwa, tsawonta bai fi naki ba, ta durƙusa tana kwasar shinkafar da ke cin wuta da hannunta tana zubawa a zane. Wasu daga cikinmu suka yi dariya. Mato ma ya fara dariya, amma tasa ta ƙi tsayawa. Muka dawo bariki yana yi, aka mare shi yana yi. Da ta tsaya, maganarsa ma ta tsaya tare da ita.

Waɗanda suka yi dariyar nan na san su. Akwai wanda ba ya fashin salla, akwai wanda yake kuka in ya tuna ƴarsa. Tun daga ranar nake kallon mutane da wani ido. Na gane akwai wani duhu a cikin ɗan Adam da yake zaune shiru, yana sallama, yana gaisuwa, yana zuwa suna da jana'iza, yana jiran ranar da wani babba zai ce masa an yarda. Yaƙi bai haife shi ba, izini kawai ya ba shi.

Ajamin da kika matsa mini in koya ina yaro, shi ya rufa mini asiri. Ina kwance a likita da ciwon ƙafa na fara rubuta abin da na gani a bayan takardun da aka zubar. Da na dawo gida sai na ci gaba. Ina ƙaga labari mai tsawo, ina sa mutane a ciki, ina canza musu suna. Masu saurarona a rumfar tela sun sha roƙona in yi musu na yarima da gimbiya da dokin aljani. Tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ma ya zo har gida, yana so in rubuta labarin jarumtakar sojan Faransa, a karanta ranar bikinsu. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. Ni mutanen da suka tsage nake rubutawa. Mai haƙar rijiyar da ke tsoron leƙa wadda ya haƙa. Wanzamin da hannunsa ke rawa sai in ya riƙe aska. Mahaucin nan da yake ba kowace akuya haƙuri kafin ya kwantar da ita. Su ne suke hana ni sukuni, su ne kuma na sani.

Bayan na dawo da kamar damina biyu na ji labarin Mato. An sallame shi kafin ni, ya koma Icirnawa. Ba ya dukan kowa, ba ya zagi, ba ya tsiraici. Abu ɗaya yake yi: ba ya ganin wuta ya bar ta. Matar wansa za ta hura murhu, ya zo ya sheƙa ruwa. Maƙeri zai zuga, ya zo da tulu. Bayan kaka kuwa sai ya tare a gindin rumbu, wanda duk ya gitta da garwashi a kasko sai ya sha kokawa. Mutanen gari suka gaji da cin ɗanyen tuwo, ban kuma ga laifinsu ba a kan gajiyar. Suka kai shi wurin wani mai maganin mahaukata a wani ƙauye bayan Yauri.

Na je na gan shi. Ƙafarsa tana cikin turu, a rana, ƙudaje sun rufe inda icen ya ci fatarsa. Ana yi masa turare da safe, bulala da yamma, wai don aljanin ya ji zafi ya fita. Mutanen da suka zo kallo suna kunna ashana a gabansa don su ga yadda zai zabura, su yi dariya. Na san dariyar nan, Inna. Na taɓa jin ta a wancan ƙauyen, da wani yare.

Na ce a buɗe turun. Mai maganin ya ce in Mato ya kashe wani, alhakin yana wuyana. Na ce na ɗauka. Danginsa suka ce in na tafi da shi kada in dawo musu da shi. Na ce na ji. Na ɗora shi a kan jaki muka taho. Da muka iso gida na duba ko'ina, ban ga wurin da ya dace da shi ba sai ɗakinki, wanda yake rufe tun ranar da aka fitar da ke.

Surukarki Dije, matata, wadda ba ki sani ba, ita ta sha wahalar farko. Ya kashe mata wuta har ta zauna ta yi kuka da ludayi a hannu. Na zaci za ta ce ko ita ko shi. Sai wata safiya na ga ta ajiye masa kujera da tulu cike da ruwa kusa da murhu. Ta ce masa daga yau shi ne mai gadin wutarta, kada ya bari ta fita daga tsakanin duwatsun nan uku, in ta sauke tukunya ya kashe ta da kansa. Tun daga ranar muke cin tuwo dafaffe. Yana zaune, idonsa a kan harshen wutar, ba ya ko ƙiftawa. In ta sauke, ya zuba ruwa, ya taɓa tokar da tafin hannu, sa'an nan ya yi ajiyar zuciya ya ci abinci. Da kin ga Dije da kin so ta. Bakinta ya fi naki kaifi, amma hannunta irin naki ne.

Yanzu ga maganar da ta shafe ki.

A cikin littafin da nake rubutawa akwai wata mata da jaririyarta ta rasu a goye, ba ta sani ba sai da ta kwance zane. Matar ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango, ta yi wata da watanni ba ta magana, ba ta kitso, ba ta daka. Mijinta ya kawo malamai, ya kawo rubutu, a banza. Wadda ta fito da ita wata tsohuwa ce da gari ya ɗauka taɓaɓɓiya, mai share hanyar makabarta kowace safiya ba wanda ya sa ta. Kullum takan shigo ta zauna kusa da matar, ita ma ta fuskanci bangon, ba ta cewa komai. Ran nan sai matar ta juyo ta tambaye ta ko ta karya kumallo.

Na canza sunaye, na mai da garin wani gari. Amma da na karanta a rumfar tela, tsofaffi suka dubi juna. Sun gane ke ce, sun gane Gwaggo Kulu ce mai tsintsiya. Ni ina ƙarami lokacin, amma ban manta ba. Ni nake ajiye miki ruwa a bakin ƙofa in gudu, don ina tsoron bayanki. Na kuma tuna cewa daga baya, har Gwaggo Kulu ta rasu, ba ki taɓa dama fura ba ki aika mata da nata ba. In maƙwabta suka yi tsegumi sai ki ce, "Ku kun san ta a hanya, ni na san ta a ɗaki."

Yaya Lawali ya dawo daga Kano da kayan fataucinsa, kafin ya sauke kaya an riga an gaya masa abu biyu: ƙanensa ya sa mahaukaci a ɗakin uwarsu, ya kuma tsaya a kasuwa yana shelar cewa uwar ma ta taɓa haukacewa. Ban ce kin haukace ba, Inna. Na ce kin shiga duhu kin fito. Amma magana in ta bi ta bakuna da yawa, ba ta isowa da kamanninta.

Ina gona ya shiga ɗakina ya kwaso takardun duka, aikin shekaru, ya tara a tsakar gida ya sa musu wuta. Na shigo na tarar da hayaƙi. Kafin in yi wani motsi, Mato ya fito daga ɗakinki da gudu. Tulun babu ruwa, Dije ta tafi rijiya. Sai ya faɗa kan wutar da hannuwansa, yana dannawa, yana tattarawa, yana rungumar ta a ƙirji. Na ji ƙaurin fata. A lokacin ne ya yi maganar da ban ji daga bakinsa ba tun Indoshin. Ya ce, "Abincin mutane ne."

Akwai taɓarya a jingine da turmi. Ban san lokacin da ta shiga hannuna ba. Yaya Lawali ya juya mini baya yana kallon Mato, ni kuwa na san daidai inda ake bugun mutum a ƙeya ba ya tashi, don an koya mini, na kuma iya. Zuciyata ba ta tafasa ba. Sanyi ta yi, ta kwanta lumui, kamar ruwan randa. Wannan sanyin shi nake tsoro fiye da kowace bindiga da na taɓa ji. Na ajiye taɓaryar, na je na janye Mato daga toka. Ina gaya miki wannan ne don masu cewa ina rubuta duhun wasu ina ɓoye nawa su ji. Nawa yana nan, ina kwana da shi ina tashi da shi, kuma na fi yarda da mutumin da ya san nasa a kan wanda ya rantse ba shi da shi.

Aka kai magana gaban Malam liman da dattawan unguwa. Sun yi magana mai daɗi, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun ce rufin asiri ibada ne, sun ce abin da ya faru a ɗaka a ɗaka yake mutuwa, sun ce babban wa uba ne. Suka yanke cewa in mai da Mato wurin mai magani, in daina karatu a kasuwa, Yaya kuma ya ba ni haƙuri a kan takardun. In na ƙi, a raba gida.

Na ce a raba.

Na gaya musu asirin da ake rufewa don a kare mutum daban, wanda ake rufewa don a huta da ganinsa daban. Na gaya musu a garin nan akwai gidajen da ake da mai kallon bango a ƙuryar ɗaki, ana ce wa baƙi ya yi tafiya. Akwai tsofaffin sojoji irina da ke faɗuwa ƙasa in tayar kamiyo, babbar motar kaya, ta fashe a tasha, su tashi suna kakkaɓe riga suna cewa santsi ne. Ran da na karanta labarin matar nan, wani dattijo mai sayar da igiya ya biyo ni har bayan kasuwa, ya riƙe hannuna, ya daɗe bai saki ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ban kuma san wa yake da shi a gida ba. Amma saboda riƙon nan ba zan daina ba, ko za a ƙone takarda sau nawa.

An ja katangar kafin ruwa ya ɗauke. Inuwar ɗorawa da babban zaure suka faɗa wajen Yaya. Ni na sami ɗakina da naki da murhun Dije, na fasa ƙofa ta baya. In mun haɗu a masallaci muna gaisawa kamar mutanen da suka taɓa tafiya a mota ɗaya. Wasu sun daina zuwa rumfar tela, wasu kuma da ba sa zuwa da, yanzu suna tsayawa daga nesa kamar masu duba yadi. Ana cewa Kafaran Isufu, wato ni da muƙamina na soja, shi ma a bincike shi, wanda ya kwana da mahaukaci ai ba ya tashi lafiya. Su faɗa. Na sayi sabuwar takarda, na dafa tawada, na fara daga farko. Abin mamaki, labarin ya fi fitowa da kyau a karo na biyu, don wutar ta cinye ƙawar da na yi masa, ta bar abin da ba na iya mantawa. Na kuma sa Mato a ciki, da turunsa, da masu ashana.

Inna, abin da ke damuna ɗaya ne, kuma ba dattawa ne za su warware mini shi ba. Ban nemi izininki ba. Ke mace ce mai kunya, ko dariya kike sai kin rufe baki da gefen mayafi. Wataƙila da kina nan da kin ce in bari. Nakan zauna a ƙofar ɗakinki da la'asar ina juya wannan a raina. Ban sami amsa ba, ba kuma zan ƙaga miki amsa in sa a bakinki ba, ko da yake ƙage sana'ata ce. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin girmanki ba kamar ranar da na rubuta yadda kika juyo daga bangon nan. Ina yaro na zaci uwata ba ta karyewa. Da na girma na gane kin karye, kin tashi, kin ɗaura zane kin koma bakin turmi, kin raine mu. In wannan ne abin kunyar da na tona, to, na tona, kuma ina alfahari da ke a gaban duk wanda ke tsaye a nan.

Hannuwan Mato suna warkewa. Yatsu biyu na dama sun manne, ba za su rabu ba. Dije ke ba shi abinci a baki, ni nake wanke masa ciwon. Wani lokaci yakan ce "sannu" in na gama. Ranar da Yaya Lawali zai koma cin rani, na buɗe ƙofa da safe na tarar da ƙaramin gwangwanin maganin ƙuna, irin na kantin Kano, an ajiye a kan dakali. Ba wanda ya ce shi ya ajiye. Na ɗauka, muna shafa masa, yana kuma da kyau. Katanga tana nan, Mato yana nan, littafi yana tafiya. Amma na ga ya kamata ki sani cewa ɗanki na fari bai lalace ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yafe miki, Ya sa kabarinki ya zama dausayi. Allah Ya jiƙan ƴar jaririyar da ba mu sami sanin ta ba, Ya haɗa ku. Allah Ya jiƙan Gwaggo Kulu. Allah Ya kai Yaya lafiya Ya dawo da shi lafiya. Allah Ya sanyaya zuciyar Mato, da ta duk wanda ke zaune a ƙuryar wani ɗaki a garin nan, sunansa ya ɓace daga bakin danginsa. Tsohuwar nan ta Indoshin, in tana raye, Allah Ya cika mata rumbunta. Ni kuma Allah Ya riƙe mini hannuna daga cutar da bawanSa, Ya bar mini shi a kan alƙalami. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Isufu